Cheltenham: Bikin Dawaki Daban, Bikin Kiɗa da Kimiyya Daban

Tun da na ambaci Cheltenham a wannan fili watan jiya, cikin labarin shekarun da na yi karatu a Ingila, wasiƙu suke ta shigowa a kan garin. Na tsamo uku da suka bi hanya ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata ta samu aikin jinya a Ingila, an ba ta masauki a wani gari wai shi Cheltenham. Da muka yi waya ta ce tana so ta ba da sunanta cikin masu aikin sa kai a bikin garin. Ƙanenta ya duba mini a waya, sai ga dawaki da mutane riƙe da takardun caca da kofunan giya. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Wane irin biki ne wannan? (Wata uwa daga Gwammaja, Kano)

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa aikin nata albarka, ya tsare miki ita. Ki kwantar da hankalinki, domin abubuwa biyu ne suke amsa suna kusan iri ɗaya, kuma wanda ɗanki ya gani ba shi 'yarki take nufi ba.

Wanda ya gani sukuwar dawaki ce ta watan Maris, kwana huɗu daga Talata zuwa Juma'a, a wani fili da ke bayan gari mai suna Prestbury Park. Dawakin suna gudu suna tsallake shinge, mutane sama da 200,000 suke halarta cikin kwanakin nan, da yawansu daga ƙasar Ayalan. Caca kam ana yin ta, giya ma ana shan ta ba kaɗan ba. Ni kaina a wannan makon daga makaranta sai ɗaki nake yi, saboda garin yakan cika ya batse.

Wanda 'yarki take magana a kai wata ƙungiyar agaji ce take shirya shi, kuma ba ɗaya ba ne, huɗu ne a shekara: na kiɗan jaz a ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, na kimiyya a Yuni, na kiɗan Turawa na rubuce, wato kilasika, a Yuli, sai na littattafai da marubuta a Oktoba. Babu doki ko ɗaya a cikinsu.

Bari in ba ki labarin garin, sai ki ga inda abin ya samo asali. Cheltenham yana yammacin Ingila, a lardin Gloucestershire, a gindin tuddan Cotswold. Daga tashar Paddington ta Landan tafiyar kamar awa biyu ce a jirgin ƙasa. Mutanensa ba su cika 120,000 ba, wato ƙaramar hukumarku ta Dala ita kaɗai ta ninka shi fiye da sau uku. A 1716 aka gano wata maɓuɓɓugar ruwa mai gishiri-gishiri a wurin. Mutanen garin suna cewa tattabaru aka gani suna tsattsagar gishirin da ya daskare a bakin ruwan, shi ya sa har yau akwai tattabara a tambarin garin. Aka ce ruwan yana maganin ciki. A 1788 Sarki George na Uku ya zo ya yi mako biyar yana sha, daga nan masu hali suka yi ta kwarara, aka gina manyan zauruka da lambuna domin su. Mafi kyau a cikinsu shi ne zauren Pittville da aka gama a 1830. Na taɓa kurɓar ruwan a can. Ɗanɗanonsa ya tuna mini da ruwan kanwa da iyayenmu ke jiƙawa.

Yayi kuwa ba ya dawwama. Masu kuɗi suka koma zuwa bakin teku, kasuwar ruwan ta yi sanyi, aka bar garin da zauruka da lambuna babu masu cika su. A watan Yunin 1945, wata guda kacal bayan an daina yaƙin duniya na biyu a Turai, ana tsaka da rabon abinci da kati, hukumar garin ta shirya bikin kiɗa na farko. Jami'inta mai kula da ruwan da harkar nishaɗi, George Wilkinson, shi ya tsaya a kan lamarin. Shi ne kuma, tare da marubuci John Moore, suka fara bikin littattafai a 1949, wanda yana cikin mafi daɗewa irinsa a duniya. Na jaz ya zo a 1996, na kimiyya a 2002. Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne ba su rushe dukkan gine-ginen ba, ba su kuma bar su ga jemagu ba. Sun nemo musu sabon aiki.

Aikin sa kai da take so ta yi, na yi shi shekara biyu a bikin kimiyya. Ana ba mutum riga mai tambari, ya tsaya a ƙofar tanti yana duba tikiti, ya nuna wa tsofaffi kujera, ya raka 'yan makaranta daga wannan zaure zuwa wancan, ya miƙa lasifika ga mai son yin tambaya. Idan an rufe ƙofa sai ya samu wuri a baya ya saurara kyauta. Na yi aiki da mata masu hijabi, ban ga wanda ya ɗaga musu gira ba.

Ba zan ɓoye miki ba, Hajiya, a harabar bukukuwan akwai rumfunan da ake sayar da giya, musamman a na jaz da dare. Haka ƙasar take, ko gidan cin abinci mutum ya shiga. Ni shawarata ta fara da na kimiyya ko na littattafai, ta zaɓi aikin rana, ta kuma faɗa wa masu tsara aiki tun farko cewa ba ta aiki a wurin sha. Akwai masallaci a cikin garin, kuma Gloucester da ke kusa, tafiyar bas ɗaya, ta fi yawan Musulmi da shagunan naman halal. Ta dai kula da lokutan salla, domin a watan Yuni sai wajen tara da rabi na dare ake magariba. Baƙunta a garin da ba ka san kowa ba tana da nauyi, kuma mai fita daga asibiti ta koma ɗaki ita kaɗai kullum ta fi ba ni tsoro a kan mai duba tikiti a ƙofar tanti.

TAMBAYA: Yaya, ni ina kaɗa fiyano a wani situdiyo, ina yi wa mawaƙa kiɗa. Ka ce a garin nan akwai bikin kilasika daban, na jaz daban. Na saurari duka biyun a intanet, ni dai na ji kiɗa ne zalla babu waƙa. Mene ne bambancinsu har da za a raba musu biki? (Wani matashi daga Jos)

AMSA: Ƙanena, bambancin yana wurin da kiɗan yake zaune kafin a kaɗa shi. Na kilasika yana kan takarda. Na jaz rabinsa yana cikin kan makaɗi, kuma shi kansa bai gama sanin abin da zai fito ba sai ya fara.

A kilasika mutum ɗaya ne yake zama ya rubuta wa kowane abin kiɗa nasa layin, sauti bayan sauti, har da inda za a sassauta da inda za a ɗaga. Yana iya rasuwa shekara ɗari biyu da suka wuce, makaɗa tamanin su taru yau su kaɗa abin da ya rubuta ba ƙari ba ragi, wani mai ɗan sanda a hannu yana tsaye a gabansu yana riƙe musu lokaci. Ran da na fara shiga irin wannan zama a zauren Pittville ne, ƙarƙashin wata ƙubba mai fitilu masu lilo. Mutum huɗu ne kawai a kan dandamali: biyu da ƙananan goge irin na Turawa, ɗaya da madaidaici, ɗaya da babba da ya kafa a ƙasa tsakanin gwiwoyinsa. Babu lasifika. Kafin su fara, zauren ya yi tsit har na ji su huɗun sun ja numfashi lokaci guda, kuma wannan numfashin shi ne alamar farawarsu. Wani dattijo a gefena ya riƙe tarinsa har fuskarsa ta yi ja, sai da aka kai ƙarshen kashi na farko ya sake shi. Ba a tafawa a tsakiya, ba a liƙi, ba a kirari. Mu da muka taso inda ake nuna jin daɗin kiɗa da guɗa da fitowa fili, shirun nan yakan yi mana kama da sanyin jiki. Da na saba sai na gane shi ne irin tasu karramawar, kamar yadda muke nutsuwa idan gwani yana karatu.

Abin da ya ɗaga bikin kilasika na Cheltenham tun farko shi ne an kafa shi domin sababbin rubuce-rubucen makaɗan Birtaniya masu rai, ba domin maimaita na magabata kaɗai ba. A bikin farko na 1945 Benjamin Britten, yana ɗan shekara 31, ya tsaya da kansa ya jagoranci kaɗe-kaɗe huɗu masu siffanta teku da ya ciro daga wasansa na waƙa, Peter Grimes, kwanaki kaɗan bayan an fara nuna wasan a Landan. Daga baya John Barbirolli da ayarin makaɗan Hallé na Manchester suka riƙe bikin shekaru da dama. Har yau ana biyan masu rubuta kiɗa su kawo sabon abu a fara jin sa a can. Kai da kake wannan sana'a ka san darajar a biya mutum domin ya ƙirƙiro, ba domin ya kwaikwayi wanda ya riga ya ci kasuwa ba. Wasu zaman kuma ana kai su manyan tsofaffin majami'u na Gloucester da Tewkesbury, saboda yadda dutse da tsawon rufi suke riƙe sauti.

Idan kana neman ƙofar shiga, ka fara da ɗan garin. An haifi Gustav Holst a Cheltenham a 1874, gidan da aka haife shi yanzu gidan tarihi ne, fiyanonsa yana ciki, mutum-mutuminsa kuma yana tsaye a lambun Imperial ya ɗaga sanda. Lokacin yaƙin duniya na farko ya rubuta The Planets, kiɗa mai kashi bakwai, kowane kashi da sunan ɗaya daga cikin duniyoyin da ke kewaya rana. Ka saurari na farko, na Mirrihi, wato Mars, ka ƙirga bugunsa: biyar-biyar yake tafiya, ba huɗu-huɗu da hannunka ya saba ba, shi ya sa yake sa ƙirji ya ƙi zama. Nan take na biyu, na Zara matar wata, ya zo da sanyi. A na ƙarshe kuwa Holst ya rubuta cewa a ajiye mata masu amshi a wani ɗaki na gefe inda ba a ganin su, suna rera sauti babu kalma, sannan a riƙa tura ƙofar ɗakin a hankali har ta rufe. Ba ka iya cewa ga daidai inda kiɗan ya ƙare.

Jaz kuma jikan bayi ne. Ya taso a New Orleans ta Amurka a farkon ƙarni na 20, a garin da tun zamanin bauta ake barin 'yan Afirka su taru ran Lahadi a dandalin Congo su yi kiɗa da rawa. Ana ɗauko gajeriyar karin waƙa a kaɗa ta tare sau ɗaya, sannan mai kakaki ya ɗauke ta ya yi ta juya ta yadda ransa ya ba shi, ya miƙa wa mai fiyano, shi ma ya miƙa wa mai ganga. Kowa ya gama nasa ana tafa masa nan take, wani ma ya yi ihu daga baya. Duk wanda ya taɓa ganin mawaƙin kalangu ya hango baƙo ya shigo fili, ya saƙa sunansa cikin waƙa a take, 'yan amshi suka karɓa ba tare da an gaya musu ba, ya riga ya san rabin jaz. Ko banjo da makaɗan farko suke amfani da shi, asalinsa daga kayan tsirkiya na Afirka ta Yamma ne, dangin gurmi da molo.

Kuma zumuncin bai tsaya a tarihi ba. Yusef Lateef, ɗaya daga cikin manyan masu busa na Amurka, Musulmi, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a cibiyar nazarin al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma sarewar Fulani ce ya sa a gaba. Mutumin da ya yi kiɗa a manyan zaurukan duniya ya zo ya zauna yana koyon abin da yaro mai kiwo yake busawa a bayan shanu.

A Cheltenham ana kafa wa jaz tantuna a lambun Montpellier. Babban tanti na shahararru ne irin su Jamie Cullum da Gregory Porter, kuma gaskiya ba duk abin da ake yi a cikinsa ne jaz tsantsa ba. Akwai dandamalin kyauta a fili, inda iyalai suke shimfiɗa bargo a ciyawa. Ni inda na fi so shi ne ƙaramin zauren Parabola, wurin masu gwada sabon abu. A ganina tikitin babban tanti shi yake ɗaukar nauyin ƙaramin zaure, kuma ban ga laifin hakan ba.

TAMBAYA: Shekara 14 ina koyar da fiziks a makarantar sakandare. Biki dai mun san na aure da na salla da na kamun kifi. Ta yaya ake yi wa kimiyya biki? Yarana ko a aji da ƙyar suke saurare. (Wani malami daga Funtuwa)

AMSA: Allah ya gafarta Malam, ya saka da alheri a kan shekarun nan 14. Wannan tambayar ita ta fi taɓa ni, domin ni ma a makaranta haddace fiziks na yi, ban taɓa ganin sa da ido ba sai da na girma.

Kwana shida ake yi a watan Yuni, a babban zauren gari da tantunan da ake kafawa a lambun Imperial da ke bayansa. Masana biyu, Frank Burnet da Kathy Sykes, su suka jagoranci fara shi a 2002. Kashi ɗaya na masu tikiti ne: masani ya zauna a gaban jama'a ya yi bayanin aikinsa cikin harshen kowa da kowa, sannan a buɗe fili. Irin su Jim Al-Khalili, farfesan fiziks haifaffen Bagadaza, suna zuwa. Ɗaya kashin kyauta ne, tebura ne jere, kowane da abin taɓawa, kuma da safe motocin makarantu suke cika wurin.

Ga abin da na gani da idona ina riƙe da lasifika. Wata matashiyar masaniya ta zo da tulun ƙarfe mai ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Ta hura balan-balan ta tsoma a ciki, ta fito da ita a yamutse kamar busasshiyar kuɓewa. Ta ɗora ta a tafin hannu, a gaban yara ta riƙa kumbura da kanta har ta koma yadda take. Ba ta yi bayani ba. Ta ce, wa zai gaya mini inda iskar ta tafi? Hannuwa suka tashi kamar hamsin. Wani ya ce ta fita ta wani ɗan rami. Ta ce, to wa ya mayar da ita? Aka yi shiru. Can wata yarinya da ba ta fi shekara tara ba ta ce, ba ta fita ba, takurewa ta yi saboda sanyi. Malam, wannan darasin dangantakar zafi da girman iska ne da kake rubutawa a allo kowace shekara, amma yarinyar nan ita ta gano shi da bakinta, kuma na tabbata har ta tsufa ba za ta manta ba.

Abu na biyu da na riƙe shi ne yadda manya suke amsa tambaya. Na miƙa wa wani tsoho lasifika, ya ce shi manomi ne, ya ƙalubalanci wani farfesa a kan maganin ƙwari da ƙudan zuma. Farfesan bai ɓata rai ba. Ya ce wannan ɓangaren an tabbatar, wancan kuma har yanzu ana bincike, shi ma ba shi da amsarsa. Ban ga girmansa ya ragu ba a idon kowa.

Lardin ma yana da gadon abin. A Berkeley, wani ƙaramin gari da ba shi da nisa, likita Edward Jenner ya yi wa wani yaro ɗan shekara 8 lamba da ruwan ƙurajen shanu a 1796, ya nuna tana kare mutum daga agana. Yana da gida a Cheltenham inda yake duba marasa lafiya. Tabon da ke damtsen iyayenmu daga can ya taso, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar an kawar da agana daga doron ƙasa.

Amma abin da zai fi yi maka amfani shi ne wata gasa da aka ƙirƙiro a bikin a 2005, mai suna FameLab. Dokarta gajeriya ce. Minti uku kacal ake ba mutum ya bayyana wani batu na kimiyya. Babu majigi, babu rubutu a bango, sai abin da zai iya ɗaukowa da hannunsa ya hau dandamali. Alƙalai suna duba abu uku: shin abin da ya faɗa daidai ne, shin an gane, shin ya riƙe hankalin mutane. Daga 2007 hukumar British Council ta shiga ciki, gasar ta bazu zuwa ƙasashe fiye da talatin. Na ga masu digiri na uku suna gumi a kan minti ukun nan, domin wanda bai fahimci abu har ƙasa ba ba ya iya taƙaita shi.

Wannan ba ya bukatar tanti ko naitirojin. Randar da ke tsakar gidanku tana sanyaya ruwa ne saboda ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. A kan wannan ilimin Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, mai hana kayan miya saurin lalacewa, har ta ci kyautar kamfanin agogo na Rolex a 2000. Ka ware yammacin wata Alhamis a ƙarshen zango. Ka ba kowane ɗalibi minti uku da abu ɗaya daga gida: randa, fitilar ƙwai, majajjawa, madubi, gugar rijiya. Ka bar su su yi da Hausa. Ka gayyato iyaye da mai unguwa da mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, su zauna a gaba, kuma su ne za su yi tambaya, ba kai ba. Ka sa wani ya riƙe agogo, minti uku na cika a buga ƙararrawa ko da ɗan shugaban makaranta ne yake magana.

Idan kun yi, Malam, ka rubuto mini tambayoyin da iyayen suka yi waɗanda yaran suka kasa amsawa. Zan buga su a wannan fili, mu nemi amsarsu tare.